Habi Mai Daddawa da Haihuwar Wata Takwas

Duk wanda ya saba cin kasuwar Isa, ya san layin masu kayan miya, da wuya a ce bai taɓa sayen daddawar Habi ba, ko da bai san fuskar mai ita ba. Daddawar batso ce, ta 'ya'yan yakuwa, baƙa wuluk, wadda ƙamshinta ke tarar mutum tun kafin ya iso bakin tire. Ita Habi ba ta zuwa kasuwa. Dillaliya ke biyowa gida ta kwashe, ta dawo da yamma ta ce ta ƙare.

A Tsamaye aka haife ta, a gidan manoma. Mahaifinta yana da gonar gero a jigawa, mahaifiyarta kuwa Bafulatana ce da ta ajiye ƙwaryar nono ta zauna cikin gari, don haka Habi ta tashi ana yi mata faɗa da Fulatanci, ana lallashinta da Hausa. Ta yi allo daidai gwargwado. Boko kuwa ta leƙa, malamin ya daina zuwa, ita ma ta daina. A wurin kakarta ta koyi daddawa, tun tana hura wuta har ta kai ga ita ke dafawa, ta daka, ta zuba ruwan toka, ta rufe tukunya.

Dalhatu ya gan ta ne a wani biki, ya riƙa tako keke daga wani ɗan ƙauye na ƙasar Turba, har iyayenta suka gaji da amsa gaisuwarsa suka ba shi. Ita ma tana so. Mutum ne mara yawan magana, manomi da damina, mai gyaran injin ban ruwa da rani, hannunsa kullum da baƙin mai. Sun yi shekara ashirin da ɗoriya a ƙauyen nan. Ba su yi arziki ba, amma rumbunsu bai taɓa ƙarewa kafin sabon gero ya shigo ba. 'Ya'ya biyar suka tsaya musu, kuma duk a ɗaki ta haife su, a durƙushe, ungozoma sai dai ta zo yankan cibi.

Ciki na shida ne ya zo mata da abin da ba ta sani ba. Ƙafafu suka kumbura, mata suka ce ai alamar namiji ce. Kai ya riƙa sara mata, aka ba ta jiƙo. Tana gab da watanta, wata rana tana tankaɗe, sai ta faɗi tana jijjiga, ta tauna harshenta har jini. Aka yi hayaƙi, aka yi tofi, da abin ya ƙi aka ɗora ta a amalanke zuwa bakin titi. Ta farka a asibiti cikinta wayam. Ta tambayi abin da ta haifa, aka ce namiji ne, an riga an kai shi makwancinsa. Ba ta gan shi ba. Ta daɗe tana ganin duniya dishi-dishi, kuma har yau gefen harshenta yana da tabo.

Bayan wannan da 'yan shekaru ɓarayin daji suka matsa wa yankin. Da farko shanu suke kora, sannan suka koma ɗaukar mutane a gona, daga baya suka fara shigowa har cikin gari. Ranar da aka ƙona rumbunan maƙwabtansu, Dalhatu ya ce ya isa haka. Suka ɗauro tabarmi da tukwane da turmin Habi, suka sauka a Isa, gidan yayarta Mairama, mai sayar da koko da ƙosai, wadda mijinta ya rasu ya bar mata 'yan ɗakuna. Aka ba su ɗaya. Dalhatu ya ci gaba da komawa gona duk lokacin da aka ji daji ya lafa, ya ɗan kwana a kangon gidansu, ya dawo. Habi ta kafa murhu a bayan ɗaki ta ci gaba da daddawarta. Da ita ake sayen gishiri da sabulu da maganin zazzaɓin yara.

A nan ne, tana dab da arba'in, babbar 'yarta ma tana goyo, ta fahimci tana da ciki. Ba ta yi murna ba, ba ta kuma yi kuka ba. Ta dai zauna a kan turmi ta daɗe tana kallon wutar murhu. Kunya ta hana ta faɗa wa kowa sai da zane ya fara gaza mata. Mairama ce ta matsa mata ta fara zuwa awo, shi ma sai da cikin ya tsufa, damina ta ja baya, gero ya fara nuna.

Ranar da ta koma awo na biyu takalminta ya ƙi shiga, sai silifas ɗin Dalhatu ta ja. Malama Rukayya, ungozomar asibitin, gajeriyar mace ce mai saurin hannu, wadda ta daɗe a ɗakin haihuwa. Ta ɗaura wa Habi abin awon jini a damtse, ta matsa, ta saurara, ta kwance. Ta ce ta ɗan huta, ta sake ɗaurawa a ɗaya hannun. Sannan ta danna yatsa a ƙwaurinta, wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Ta ba ta 'yar roba ta kawo fitsari.

"Malama, mi anka gani?" in ji Habi.

"Jininki ya hau ƙwarai, kuma fitsarin ya nuna ƙoda ta fara jin jiki. Kin taɓa jijjiga da ciki?"

Habi ta buɗe baki ta nuna mata gefen harshe.

Malama Rukayya ta ajiye abin da ke hannunta. "To yau ba ki komawa gida."

"Na bar yakuwa bisa wuta."

"A aika wa yayarki ta sauke."

Likitan da ke duba ɗakin mata matashi ne, ɗan Zariya, shi kaɗai ga ɗakuna da yawa, idanunsa kullum jajur don rashin barci. Ya shafa mata mai a ciki ya yi hoto. Ya tambaye ta yaushe ta yi wankinta na ƙarshe, ta ce kafin azumi ne dai, ko watan azumin tsofaffi ko na bayansa, ba ta riƙe ba. Ya jawo benci ya zauna kusa da gadon.

"Mama, hoton ya nuna cikin ya shiga wata na takwas, amma hoton da aka yi a makare yakan yi kuskure, gaba ko baya. Wannan ciwon kuma maganinsa ɗaya ne, a raba ki da cikin. Ƙwayoyin da za mu ba ki danne shi kawai suke yi. In muka tayar miki da naƙuda yanzu, ke mun fitar da ke daga haɗarin jijjiga, amma jaririn huhunsa bai gama ƙwari ba. Zai iya fitowa ya kasa numfashi, ko ya kasa tsotso, ko sanyi ya kama shi. Kwalbar da ake sa irinsu ba mu da ita a nan, sai Sakkwato. In kuma muka jira, duk satin da ya ƙara a ciki ƙarfi yake ƙarawa, amma ke kina iya faɗuwa kowace rana. Mabiyiya tana iya ɓallewa, mu rasa ku duka biyu."

Habi ta ɗaga kai ta dubi fankar da ba ta juyawa.

"Ita kanta tayar da naƙudar tana da nata," ya ci gaba. "Mahaifar da ta haihu sau da yawa ba ta son a matsa mata. Tana iya tsagewa, ko jini ya ɓalle bayan haihuwa. In kuma naƙudar ta ƙi zuwa, sai aikin tiyata."

"To Likita, kai wanne kag ga ya fi?"

"Ni dai ina ganin mu ɗan ja 'yan kwanaki. Akwai allurar da ke taimaka wa huhun jariri ya yi ƙwari da wuri, tana son kwana biyu kafin ta yi aiki. Mu yi miki ita, mu danne jinin, mu sa miki ido. Amma ba zan ɓoye miki ba, ban san kwana nawa jikinki zai jure ba."

Da la'asar Mairama ta zo da kwanon tuwo da tabarma a hammata. Mace ce doguwa mai ƙarfin murya, wadda ta yi wa Habi wankan aure, kuma har yanzu kallon yarinya take yi mata. Da ta ji bayanin, sai ta dire kwanon.

"Wata takwas? Habi, kowa ya san ɗan wata takwas ba shi tsayawa. Gara ma bakwaini. Allah ya aje wa kowa ranar fitowarshi, don mi za a fizgo shi?" Ta tuna mata da wata maƙwabciyarsu da wani mai kemis ya yi wa allurar naƙuda a cikin ɗaki, mahaifa ta fashe, ba a iso asibiti da ita da rai ba.

Malama Rukayya tana gyara ƙarin ruwan wata mara lafiya, ta juyo. "Hajiya, waccan allurar ta mai kemis ba a auna ta, ba a kuma tsare mai ita. Mu nan kaɗan-kaɗan muke yi, muna saurare. Batun wata takwas kuwa, ni dai abin da idona ya gani a ɗakin nan, na takwas ya fi na bakwai ƙwari. Amma ba ni yi miki rantsuwa za shi rayu."

"To kin ji," in ji Mairama. "Ita ma ba ta sani ba."

"Ban sani ba," in ji Malama Rukayya, ta ci gaba da aikinta.

Washegari Dalhatu ya iso daga gona, wandonsa duk ƙarangiya. Ba a barin maza su daɗe a ɗakin mata, don haka aka taimaka wa Habi ta fito baranda, suka zauna a inuwar itacen bedi da ke bakin ɗakin. Ya riga ya ga likita. Ya tambaye shi ko za a kai ta Sakkwato inda kwalba take, likita ya ce ba zai hana ba, amma tafiyar tana da tsawo, hanyar duk ramuka, kuma in jijjiga ta kama ta cikin mota babu mai abin yi mata. Sauran abin da ke kan hanyar bai faɗa ba, don kowa ya sani. Ko a satin an tare wata bas, an shiga daji da fasinjojinta.

Akwai kuma abin da Dalhatu bai so ya faɗa ba, amma Habi ta gan shi a fuskarsa. Gero ya isa yanka. Mutanen ƙauye sun ji daji ya ɗan yi shiru, kowa yana ta sauri ya kwashe nasa kafin abin ya canza. In bai yanka a 'yan kwanakin nan ba, shekarar ta tafi.

"In kin ce Sakkwato, mu tahi," ya ce yana kallon ƙasa. "Gero shi je duk inda za shi."

"Malam, in munka tahi, ƙasa za ka kwana bakin asibiti, Yaya ta bar kokonta, ɗiyan nan su ci mi? In kuma anka tare mu bisa hanya, da wanga ciki za ni gudu?"



Sannan ta ce, "Ka koma ka yanke geronka. Ni ina nan."

Kafin ya tafi aka gwada jininsa, ya yi daidai da nata, aka ɗiba aka ajiye. Ya dangwala yatsa inda aka nuna masa, ya ce wa likita a gaban Mairama, duk abin da Habi ta ce a yi, shi ya yarda, kada a jira shi. Don kyautatawa ya faɗi haka, ita ma ta sani. Amma da ta koma gado sai ta ji kamar an ɗora mata dami a ka. Tun tasowarta wasu ke yanke mata magana, ranar tashi daga ƙauye ma ba a tambaye ta ba, ba ta kuma damu ba. Yau ga magana ɗaya da ta so a ce wani ya yanke mata, ita aka bar wa.

Kwanakin da suka biyo baya duk iri ɗaya ne. A zo da safe a auna jini, a ba ta ƙwaya, a ce ta kwanta ta gefen hagu. Malama Rukayya ta kafa ɗan mazurarinta a cikin ta saurari bugun zuciyar jaririn, ta ce yana nan. A tambaye ta ko yana motsi, ko kai na ciwo, ko tana ganin wani abu. Mata suna zuwa da nishi, su haihu, a yi musu barka, su naɗe kayansu su tafi, ita tana nan. Sallah a zaune take yi. Zoben azurfar da ke yatsanta sai da aka sa sabulu aka cire shi. Fuskarta ta cika har ƙaramin ɗanta, da aka kawo shi ya gan ta ta taga, ya ɓuya a bayan Mairama.

Tana kwance tana juya abin a ranta, ba ya kai ta ko'ina. In ta tuna da biyar ɗin da ke gida, sai ta ji a cire kawai, ta tashi ta koma musu. In abin cikin ya shure ta a haƙarƙari, sai ta ji kunyar tunanin. Ba wai ta shaƙu da shi ba ne, don ba ta yarda ta shaƙu ba. Amma ta taɓa komawa gida hannu wayam, nono na zuba babu mai sha, mata suna shigowa suna cewa sai haƙuri, kuma ba ta jin tana da ƙarfin sake zama a kan waccan tabarmar.

Mairama ta kawo rubutu a gora, Malama Rukayya ta ce ta sha, ba ya hana ƙwaya aiki. Da Habi ta shanye, Mairama ta zauna bakin gado tana gyara ɗankwali, ta ce kamar ba ta so, ta tambayi malamin unguwarsu. Ya ce in likitan da aka amince da shi ya ce ran uwa na cikin haɗari, babu laifi a fitar da ɗa kafin lokacinsa.

"Shi ma dai namiji na," ta ƙara. "Bai taɓa riƙa ɗan da bai kai ba a hannu."

Aka kusa cika mako a haka. Wata safiya Habi ta tashi da sara a tsakiyar kai, irin wadda ta sani. Da Malama Rukayya ta tambaya, sai ta ce lafiya lau. Ta ce a ranta bari ta ƙara masa ko da wuni ɗaya ne. Ta rufe ido ta daure. Da hantsi ya yi, wani zafi ya tokare ta a ƙarƙashin haƙarƙarin dama kamar an zuba barkono. Ta buɗe ido ta ga wasu 'yan taurari suna yawo a bangon ɗakin. Mairama ta miƙo mata kofin koko, ta kai hannu ta kama iska, don kofi biyu take gani.

"Yaya, kira min Malama."

Malama Rukayya ta zo da gudu. Habi ta ce, "Irin wancan na. Ya dawo. Tun da sahe nike jin shi, na ɓoye miki."

Malamar ba ta yi mata faɗa ba. Ta auna jinin, ta aika a kira likita, ta haɗa wata allura mai kauri ta hana jijjiga, ta yi mata a ɗuwawu biyu. Zafin allurar ya bi jikinta kamar an watsa mata ruwan zafi daga ciki.

Likita ya zo ya duba, ya ce, "Mama, mun iso inda na gaya miki. Allurar huhun ta samu lokacinta, mun kuma ƙara masa 'yan kwanaki. Daga nan ni ba na ba da shawarar jira. Amma ke za ki ce."

"A dai jira mijinta," in ji Mairama. "A aika mai mashin, gobe shina nan."

Habi ta juya kai a hankali ta dubi yayarta. "Yaya, wancan karon ma jira munka yi, ba mu ma san jira muke ba. Ni dai na gaji. Likita, a tayar."

Mairama ta ja bakin mayafi ta rufe fuska, ta fita baranda.

Ɗan ɓarin ƙwaya aka sa mata ƙarƙashin harshe, aka jira, aka ƙara wani. Wunin nan da darensa naƙudar ba ta kankama ba, sai ciwon baya da ke zuwa ya tafi. Likita ya fara maganar a shirya ɗakin aiki in gari ya waye babu ci gaba. Da safe faya ta fashe, aka ɗaura mata ruwan naƙuda yana ɗiga a hankali, Malama Rukayya na zaune kusa, hannunta a kan cikin. Habi ta haihu sau shida, amma ba ta taɓa jin irin wannan ba. Naƙudar da ta sani tana ba mutum sarari ya numfasa, ya yi salati. Wannan kuwa wata na sauka wata na hawa. Ga shi a kwance take, rigingine, an ɗaure hannu da robar ruwa, ita da ta saba durƙusawa ta riƙe ƙafar gado. Ba ta yi ihu ba. Ta dai riƙa kiran sunan Allah, wani lokaci da Fulatancin da ta manta ta iya.

Gab da la'asar ta haihu. Mace ce, 'yar mitsitsiya, jajir, fatarta kamar za a ga abin da ke ciki. Ba ta yi kuka ba. Malama Rukayya ta ɗauke ta zuwa tebur, ta goge ta da ƙarfi, ta sa mata wata 'yar roba a fuska tana matsa mata iska. Habi ta kau da kai ta dubi bango. Can sai ta ji wani ɗan sauti kamar na 'yar kyanwa, ya tsaya, ya sake dawowa.

Ba ta samu damar yin hamdala ba, don a lokacin jini ya ɓalle. Ta ji ana murza mata ciki da ƙarfi, ana kiran a kawo allura, ana kiran sunanta kada ta yi barci. Jinin da Dalhatu ya bari shi aka ɗaura mata. Sai bayan magariba ta gane inda take.

Da yake babu kwalba, a ƙirjinta aka kwantar da jaririyar, fata da fata, aka sa mata 'yar hula, aka ɗaure su tare da zane. Malama Rukayya ta ce haka za su zauna dare da rana, ɗumin jikin uwa shi ne zai riƙe ta. Ba ta iya kama nono ba, don haka Habi ke tatsa a ɗan kofi, a ɗiga mata kaɗan-kaɗan a gefen baki, a jira ta haɗiye. Kafin a gama wannan, lokacin wani ya yi. Wani sa'in numfashinta yakan ɗauke, sai an shafa tafin ƙafarta ta ja shi. Habi ta koyi barci a zaune, rabin hankalinta yana kan ɗan ƙirjin da ke motsi a kan nata.

An hana ta wankan jego da tafasasshen ruwa, an hana kunun kanwa saboda jinin. Mairama ta yi mita har ta gaji, sannan ta koma dama mata kunun gero zalla. Kwanakin farko ba ta yarda ta dubi jaririyar sosai ba, tana cewa kada mutum ya saba da abin da ba a tabbatar an bar masa ba. Amma ranar da ta tarar Habi tana gyangyaɗi har kofin nono ya zube, sai ta kwance rigarta, ta ce a ɗaura mata ita. Daga ranar suke karɓa-karɓa.

A gadon da ke kusa da nata an kawo wata yarinya daga wajen Sabon Birni, cikin fari, da irin ciwon Habi. Ita ma an tayar mata, nata namiji, ya ma fi na Habi girma. Ya kwana biyu ya koma. Habi ta ja mayafi ta rufe tata, don kada uwar ta riƙa gani.

Dalhatu ya dawo ana gobe suna. Rabin gonar ya yanka, suka ji ƙarar mashina daga daji, kowa ya ɗauki abin da ya iya ya gudu. Ya tsaya bakin gado yana kallon 'yar, ya ƙi karɓarta, ya ce hannunsa ya yi kaushi. Sunkuyawa ya yi har ƙirjin Habi, ya yi mata huɗuba a kunne. Washegari aka raba dabino da goro a ƙofar masallaci, aka ce sunanta Nusaiba. Rago kuwa aka ce sai Allah ya hore.

Sai da Nusaiba ta fara tsotso da kanta aka sallame su. Kafin su fita Habi ta kira Malama Rukayya gefe, ta tambaye ta abin nan da ake sa wa mata a damtse don su huta da haihuwa. Aka sa mata. Da ta gaya wa Dalhatu, sai ya ce, "Ke ke ɗauka, ke kin san nauyinshi."

Jininta bai koma yadda yake ba. Har yau tana shan ƙwaya kullum, in ta yi daka kaɗan sai ta zauna tana haki, kuma daddawar da take yi yanzu ba ta kai rabin ta da ba. Geron da aka samo bai kai su bazara ba, Dalhatu ya tafi cin rani wajen masu noman shinkafa. Nusaiba tana nan, 'yar ƙarama, ba ta rabuwa da tari, ta makara wurin zama, amma tana cin duk abin da aka ba ta, tana kuma da ƙarfin kuka.

Labarin ya bazu a unguwa, har mata suka fara zuwa wurin Habi in an ce musu za a tayar musu ko a tayar wa 'yarsu. Ba ta son wannan zuwan. Kwanan baya wata ta shigo, surukarta na kwance a asibiti, ta same ta a bakin murhu da Nusaiba a baya. Ta yi ta tambaya, Habi tana amsawa a gajarce. Ta ce mata su saurari abin da likita zai ce, kuma yarinyar kada ta ɓoye ciwon kai in ya zo.

"To amma ke," in ji matar, "in da yau na, za ki sake yarda?"

Habi ta tura itace cikin wuta, ta share hayaƙi daga ido da bakin zane.

"Ban sani ba," ta ce. "Ran nan dai iyakar abin da nike da ƙarfin yi ke nan. Miƙo min ludayin can."